Jiki da Sauƙi

Wani kuka ne ya tashi gidanmu a daren, siriri, kamar na ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba. Ya yi ya yi shiru, har mutum ya fara komawa barci, sai ya sake. Baba ne ya fara fitowa, daga shi sai singileti, da takalmin wanka ƙafa ɗaya a hannu, ya ce gyare ne ya shigo mana. Mama ta ce ita ba ta taɓa jin gyare mai natsuwa haka ba, wannan abin yana kuka ne yana dakatawa kamar mai jiran amsa. Suka ja firji, suka ɗaga kujeru. Ina jin Baba a baranda yana lallashin tukunyar fulawa, wai in baƙo ne a ciki ya fito a gaisa, ba a dukan baƙo a gidan nan.

Ni kuwa ina kwance, bargo har hanci, na san ko mene ne. Yana cikin safa, safar tana cikin takalmina mai tsini, takalmin yana can ƙuryar durowar kaya.

Masu karatu, ku yi haƙuri da rubutuna na yau, da hannu ɗaya nake danna waya, ɗayan an ɗaura masa ruwa. Waɗanda muka daɗe tare sun san ni. Sabbin zuwa, ga ni a taƙaice. Ina da ciwon suga tun ina firamare, irin wanda jiki ba ya yin insulin ko ɗigo, sai an ba shi daga waje. Na girma ina tsira wa kaina allura a cinya da ciki, har bara da aka haɗa ni da famfo. 'Yar na'ura ce kamar ƙaramar waya, ina maƙala ta a ƙugu, tana da siririn tiyo da ya shige fatar cikina, tana ɗiga min maganin dare da rana. In zan ci abinci sai na faɗa mata abin da ke faranti, ta auna, ta ƙara min. Baba ya raɗa mata 'Yar Rakiya. In ya dawo daga aiki yakan gaishe ni ya gaishe ta, har ya tambaye ta ko na yi mata rashin kunya yau.

Halinta ɗaya ne ba na so: in aka tsayar da ita aka ajiye, kuka take.

Da na ji takun Baba ya nufo ƙofata, na lallaɓa a duhu na ciro ta na mayar jikina. Gida ya yi tsit. Da safe Baba ya ba kowa labari cewa gyaren ya ga takalmi ya sha jinin jikinsa. Na taya su dariya, harshena a bushe kamar na kwana da auduga a baki.

Za ku ce me ya kai ni. Ni ma tambayar da nake wa kaina ke nan, kuma duk lokacin da na kama bakin zaren sai ya kuɓuce. Bari dai in fara daga inda nake tunawa.

'Yar Rakiya ta yi min rana, wannan ba zan ci amanarta ba. Da zuwanta na daina yanke jiki a layin mota, na daina farkawa cikin gumi ina karkarwa, barcina ya zama barci. Sai jiki ya murmure. Kumatu suka fito, hannun riguna ya fara kama ni, siket ɗin aiki ya ƙi rufuwa sai na riƙe numfashi. Likita ya ce haka ake so, jikin ne ya fara riƙe abin da na ci maimakon ya zubar. Mutanen benenmu kuma suka riƙa cewa, Auta, wannan injin naki abinci yake ɗura miki ne?

Ina aiki a wani shagon ɗaukar hoto kusa da shataletale. Ba ni ke ɗauka ba, ni ce ta ɗakin baya, mai gyara a kwamfuta. Ɗaki ne marar taga, da fanka mai kaɗa kai kamar tana musun duk abin da aka faɗa, da wani tsohon labule mai zanen teku da aka daina ɗaukar hoto a gabansa aka rataye a bayana. Yini nake mata suna tsaye a kaina suna nuna allo da farce: rage min nan, shafe wannan, ɗan matse ƙugun. Amare, masu neman aiki, har wata tsohuwa da ta ce in cire mata haɓa ta biyu, don hoton da za a rataya bayan ranta ne. Da ɗan jan yatsa nake sassaƙe mutum. Nakan rasa inda naman da na cire yake tafiya. Wani lokaci sai in ga kamar yana taruwa ne a bayan labulen tekun nan, tsibi guda, yana jiran masu shi.

Sai Mai Sanyi. Haka na ajiye sunansa a waya, haka kowa ke kiransa a layinmu, don gyaran firji ne sana'arsa. Firjinmu ne ya mutu wata rana ana tsananin zafi, Mama ta rikice saboda kwalaben insulin ɗina, waɗanda in suka sha zafi sun tashi aiki. Ya zo ya durƙusa, ya kara kunnensa a jikin firjin kamar likita, ya ce sai gobe. Da ya ji zancen kwalaben, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tawul ya tafi da su shagonsa a tafin hannu biyu, yana takawa a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Washegari ya dawo da su, ya ce sun kwana lafiya, ba wadda ta yi rigima. Tun daga ranar firjinmu ya riƙa samun ciwo iri-iri da ba mai jin sa sai shi. Baba ya ce bai taɓa ganin firji mai laulayi irin namu ba, gara a ba yaron nan kujera ya zauna.

Ba shi da uwa ba shi da uba, Yayarsa ce ta riƙe shi, kuma maganarta ce magana. Ya nuna mata hotona. Da yake shi mutum ne da bai iya ɓoye komai ba, ya zo ya juye min duk abin da ta ce, yana murmushi, a zatonsa rabin maganar yabo ne. Wai ta ce mene ne wannan a ƙugunta kamar oba-obar 'yan sanda. Da ya yi mata bayani sai ta ce ita ta san masu suga da rama, wannan kuwa ta cika hoton har gefe. Sannan ta ce masa ita ta yi jinyar mahaifiyarsu mai suga shekara da shekaru, ta san abin da ke ciki, ba za ta zuba ido ya auri jinya ba.

Washegari a wurin aiki na buɗe hoton nan a kwamfuta, na yi wa kaina abin da nake yi wa mutane. Na rage kumatu, na matse ƙugu, na shafe 'Yar Rakiya da tiyonta. Yarinyar da ta fito ta yi kyau. Na daɗe ina kallonta, ita ma tana kallona kamar ta san ni a wani wuri amma ta manta.

Daga nan na fara yi wa 'Yar Rakiya ƙarya. Ba zan faɗi yadda nake yi ba, kada ma ku bi ni ta akwatin saƙo kuna tambaya, don na san akwai irina a cikinku, kuma ga inda abin ya kwantar da ni. Abin da zan ce kawai, na riƙa tauye wa jikina maganin da yake rayuwa da shi, nama kuwa ya fara zubewa. Abinci ma ya rikice min. Tun ina yarinya ban taɓa kallon faranti in ga abinci ba, lissafi nake gani: wannan zai hau da suga, wannan ba zai hau ba. Yanzu lissafin ya zama biyu, suna kokawa a kaina. Wata rana in yini da ruwan shayi, in ce wa Mama na ci a wurin aiki. Wata rana in tsinci kaina tsaye a kicin ina tura biredi a baki ba ko taunawa, kamar wani zai ƙwace, in gama in rasa wa ya ci.

Ƙishi kuwa ba a magana, ina shan ruwa kamar ana zuba shi a yashi. Hanyar bayi ta zama hanyata. Gashi ya riƙa bin mataji. A wurin aiki fuskokin mutane suka fara yi min dishi-dishi, har na shafe wa wani ango kunne ɗaya ban lura ba, sai da ya dawo da hoton yana tambaya cikin ladabi ko haka aka ga ya fi kyau.

Amma zobena ya fara juyawa a yatsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Kun san tambayar da aka fi yi wa mai ciwo. Ni tun ina ƙarama ba a gaishe ni kamar kowa. Kowa ana ce masa ina kwana, ni sai an ƙara da ya jiki. Amsar kuma ɗaya ce, ko da kana ganin bango yana juyawa: da sauƙi. Na faɗe ta har wayata ta haddace, ina danna “da” za ta miƙo min “sauƙi”. To a 'yan watannin nan ne na fara jin ba ƙarya nake ba. Jikin da sauƙi mana. In ina hawa bene sai in ji ni kamar bokitin da aka juye ruwansa, iska kaɗan ta isa ta yi gaba da ni. Masu tambaya suna nufin abu ɗaya, ni ina nufin wani, kalmar tana tsakaninmu tana yi wa kowa aiki.

Mama ce ta ɗauki kalmar ta kai ta inda ban zata ba. Kwalabena suna zama ne a ƙofar firji, saman inda ake jera ƙwai, kuma ita ke goge wurin. Ta lura sun daina raguwa kamar da. Ta dube ni, ta ga kumburin, kamar yadda take kiran ƙibata, ya saɓe. Ta tambaye ni ya jiki, na ce da sauƙi. Sai ta haɗa ukun ta samu amsarta. Na shigo daga aiki na tarar da ita zaune gaban buɗaɗɗen firji, sanyi yana dukan ƙafafunta, tana hawaye tana dariya.

“Auta, jikinki ya fara ƙin maganin,” ta ce. “Ba ya buƙata. Shekara nawa ina roƙon wannan rana.”

Likitoci sun sha gaya mata irin nawa ba ya tafiya. Takan gyaɗa kai a gabansu, in mun fito ta ce su ma ba su gama sanin ikon Allah ba. Na buɗe baki in ce, Mama, ba haka ba ne. Sai na ga yadda fuskarta ta koma ta yarinya, duk layukan goshin nan sun kwanta. Na rufe bakina, na ce ta tashi kada sanyi ya kama ta.

Kafin mako ya zagayo Baba ya sani, mai kantin ƙasa ya sani, Matar Direba da muke ƙofa da ƙofa ta sani, ita kuwa in ta san abu to benen ya sani har da waɗanda ba su tare ba tukuna. Sai ga Yayar Mai Sanyi ta bugo wa Mama waya, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce ya mai jiki. Ina tsaye ina wanke kofi na ji Mama tana cewa ai sauƙi ya samu sosai, maganin ya daina ƙarewa, na'urar ma an kusa ajiye ta. Yaya ta ce to in haka ne za ta zo ranar Asabar ta gan ni da idonta.

Ranar Alhamis da yamma Mai Sanyi ya zo, muka zauna a matakalar bene inda muka saba, shi a ƙasa ni a ɗan sama, akwatin kayan aikinsa tsakanin ƙafafunsa. Ya sa sabuwar riga ruwan toka, bai ma lura da takardar kanti da ke lilo a bayan wuyan ba. Murna ta hana shi zama da kyau. Ya ce Yaya ta ce in dai gaskiya ne na warke, ita ba ta da sauran magana.

“In kuma ban warke ba fa?” na ce.

Ya ɗago ya dube ni. “Ai Mama ta ce kin warke.”

“Na ce in.”

Ya juya sukudireba a hannunsa, ya sake juyawa. Ya ce shi tun farko da na'urar ya gan ni, in babu ita ma sai ya ga kamar na manta ɗankunne. Na jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba. Ya ce dai Yaya ta sha wahala, ba ya son ya sake sa ta kuka. Sannan ya ce na rame, idona ya faɗa, ko aiki ne ya yi yawa? Na ce da sauƙi. Ya ce alhamdu lillahi.

Na hau sama ban san ko ni aka ce ana so ba, ko wadda ta warke. Ku da kuke karantawa, in kun gane ku faɗa min, don har yanzu juya maganar nake.

Akwai Sista, nas ɗin da ke kula da masu famfo a asibitinmu, mace mai ƙaramar murya da manyan takalma. Na jima ina tsallake ranar ganinta. Ranar Juma'a saƙonta ya shigo: “Auta, kin ɓuya.” Na tura mata da sauƙi. Ta amsa: “Ban tambaye ki jiki ba. Me kika ci yau?” Na zuba wa saƙon ido har allon ya mutu. Wani ya biyo baya: “Ba faɗa zan yi miki ba. Ba ke kaɗai ba ce, na ga 'yan mata da yawa a wannan lungun, kuma ana fita. Amma in amai ya fara ki taho nan take, ko da wane kaya ne a jikinki.” Na rasa yadda aka yi ta sani. Na kife wayar, na ce bayan Asabar. Komai bayan Asabar. Zan gyara, zan koma gaya wa 'Yar Rakiya gaskiya, Yaya dai ta zo ta tafi.

Ranar Asabar na tashi da ciwon ciki da wani ɗanɗano a baki kamar na tsotsi makulli. Mama ta riga ta canja labulen falo, ta fito da kofunan nan masu bakin zinariya da ba a taɓa shan komai da su ba, ta kori Baba daga kujerarsa kada ya lotsa ta kafin baƙuwa ta zo. Rigar da zan sa doguwa ce, kore mai duhu, da ƙananan duwatsu a wuya, tela ya rage ta ya sake ragewa. Ta zauna a jikina kamar an zana. Sai dai 'Yar Rakiya ta yi tudu a ƙugu, duk inda na mayar da ita sai ta nuna kanta.

Mama ta tsaya a bayana muna kallon madubi. Ta ce in cire ta mana na ɗan lokacin da baƙuwa za ta yi, tunda ai ba wani aiki take yi yanzu ba. Da ta san rabon da in bar ta ta yi aikinta yadda ya kamata, da ba ta faɗi haka ba. Na cire na miƙa mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce mata, “Kin yi ƙoƙari, ki huta,” ta kai ta ɗakinta ta sa ƙarƙashin filo ta ja ƙofa.

Yaya ta iso bayan azahar. Doguwa ce, da tabarau mai igiya, da baƙar jaka wadda ta riƙe a cinya kamar yanzu za a kira ta a tafi. Mai Sanyi ya rako ta har ƙofa ya koma ƙasa jira wurin motar aikinsa. Na zata muguwar mace zan gani. Gajiyayyiya na gani, mai yawan kallon hannun mutane. Ta gaisa da su Baba, ta yaba labule, ta saurari labarin wani kifi mai fuskar mutum da Baba ya ce ya taɓa gani a kasuwa yana kama da tsohon shugabansu na ofis, har ta yi murmushi. Sannan ta dube ni daga wuya zuwa ƙugu, idonta ya tsaya inda tudun ya kamata ya kasance.

“Ƙanwata, ya jiki?”

“Da sauƙi, Yaya.”

Ta ce ta gani, ashe hoton nan ƙarya ya yi min. Ta buɗe kwalin da ta zo da shi. Kek ne, fari, da ado kamar furanni a kai. Ta ce da hannunta ta yi, kuma rabonta da yin kek tun kafin mahaifiyarsu ta kwanta, don a gidansu an daɗe ba a ajiye suga. Ta yanka da kanta, ta ɗora a faranti, ta miƙo min.

“Ci, ƙanwata. Tunda an warke.”

Ba gwaji na gani a idonta ba, ko kuma gwajin ne, ban sani ba. Kamar dai ita ma so take ta ga mai irin ciwon nan ya ci abin nan a gabanta ya tashi lafiya. Mama tana murmushi tana gyaɗa min kai. Baba ya riga ya miƙa nasa farantin.

Na dubi yankan kek ɗin. In na ƙi, Yaya ta gane. In na ci, babu 'Yar Rakiya da zan faɗa wa, ko gaskiya ko ƙarya. Amma abin kunyar, wanda ba wanda ya sani a falon, ba sugan nake tsoro ba a lokacin. Rigar nake tunani, kada gobe ta ƙi shiga. Numfashina yana yin tsawo da kansa, ni kuwa lissafin ƙugu nake.

Na ci. Wayyo, masu karatu, daɗinsa. Na manta rabon da wani abu ya narke a bakina ban tsane shi ba. Ban san lokacin da na cinye ba, ban san lokacin da na karɓi na biyu ba. Yaya ta cire tabarau ta goge ido. Ta ce wa Mama, to, saura manya su zauna.

Ana wannan maganar falon ya fara yi min nisa. Muryoyinsu suka koma kamar daga cikin rijiya, kofunan masu bakin zinariya suka zama bibbiyu. Na ce ina zuwa, na bi bango har bayi. Amai ya zo, ya sake zuwa. Har yau ban san ko ni na kira shi ko shi ya zo da kansa ba, abin ya daɗe da cakuɗe min. Na zauna a tayil, rigar nan mai duwatsu ta jiƙe, ina jan numfashi kamar na yi tsere. Na tara hannu na sha ruwa, ya dawo.

Waya ta motsa a cinyata. Mai Sanyi ne daga ƙasa: “Yaya ta cika ki da tambaya ko? Ya jiki?”

Na danna “da”. Wayar ta miƙo min abin da ta saba. Na daɗe ina kallon kalmar nan tana rawa a allo kamar ban taɓa ganinta ba. Na goge. Yatsana yana kuskure ina gyarawa, na rubuta: “Babu sauƙi. Ban warke ba, ba a warkewa. Ni na riƙa hana kaina maganin don in rame. Ka hau.”

Na ji takunsa a bene, tsallake matakala yake. Na ji ya shigo ba sallama, Baba yana cewa lafiya, firjin ne kuma? Sai ƙofar bayi ta buɗe, fuskoki suka cika ta. Mama ta ce kek ne ya yi wa Auta yawa, ta kwana biyu ba ta ci zaƙi ba, a kawo ruwa. Mai Sanyi ya miƙa wa Yayarsa wayar.

Ba ta ma duba ba tukuna. Ta ajiye jakar nan da ba ta saki ba tun zuwanta, ta durƙusa a jiƙaƙƙen tayil da kayanta masu kyau, ta kama haɓata, ta kawo hancinta kusa da bakina. Na ga fuskarta ta canja.

“Na san wannan warin,” ta ce a hankali. “Shi na ji a bakin Mamanmu ranar da muka makara.” Ta juya wurin Mama. “Ina na'urar?”

Mama ta ce tana ƙarƙashin filo, ai Auta ta warke ne, maganin ma ba ya... Ba ta ƙarasa ba. Yaya ta karanta saƙon ta miƙa mata wayar. Mama ta karanta tana motsa leɓe, ta kai ƙarshe ta koma farko. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar. Ta je ta ɗauko 'Yar Rakiya, tiyon yana jan ƙasa, ta tsaya da ita a hannu ta rasa wa za ta ba.

Yaya ta ce abin ya wuce na'ura yanzu, asibiti za a tafi, a dai taho da ita. Ta yafa min mayafinta. Ta dubi ƙanenta ta ce, “Ni da kai akwai magana, amma ba yau ba. Kama ta.” Ban san wace magana ba ce. Har yanzu da nake kwancen nan ban sani ba. Shi yana zuwa ya zauna a bakin ƙofa yana kallon ɗigon ruwan da aka ɗaura min, ita kuma ta aiko da abinci ba ta zo ba. Sista ta ce in bar wannan tukuna, in fara da cokalin da ke gabana.

Amma ba shi ne abin da ya tsaya min a wuya ba. Abin da ya faru a bene ne.

Muna sauka, Mai Sanyi ta dama, Yaya ta hagu, ƙafafuna suna taɓa matakala sama-sama. Baba yana gaba yana buɗe hanya ko da yake ba kowa, Mama tana baya da na'ura a ƙirji. A kwanar bene, inda ƙwan lantarki ya daɗe da mutuwa, muka yi kiciɓis da Matar Direba tana hawowa. Ita mace ce da bakinta ke riga idonta. Ta hango ƙyallin duwatsun rigata da baƙuwa a gefena, ta ɗauka fitar farin ciki ce, ta washe baki. Tana riƙe da hannun wata yarinya da ba ta wuce firamare ba, siririya, leɓe a bushe, ta rungume gorar ruwa. Ta ce daman wurinmu za ta. 'Yar ƙanwarta ce, satin nan aka ce suga ne, irin nawa sak, an haɗo su da allurai uwar tana ta kuka, ita kuwa ta ce musu kada su yi gaggawar huda yarinya, ga maƙwabciyarta nan ta warke sarai.

Ta turo yarinyar gabana. Yarinyar ta ɗago ta dube ni, ta dubi tiyon da ke lilo daga hannun Mama.

“Maman Auta,” Matar Direba ta ce, “don Allah me kuka ba ta ne ta warke?”